Yatsun Bunu

A Dungas, bayan tashar 'yan kabu-kabu, akwai wani zaure mai ƙofar kwano da ba ya rabuwa da hayaniya tun hantsi har la'asar sakaliya. Zauren Bunu ke nan. Wanda ya leƙa zai same shi zaune a kan katifa, bayansa jingine da bango, ƙafafunsa a miƙe an rufe su da zane, idonsa a kan ekaran, wato allon da hoton wasa ke fitowa. A hannunsa akwai manet, abin nan mai maɓallai da ake juya 'yan ƙwallo da shi. Ba kyakkyawa ba ne, ba kuma mai yawan fara'a ba. Amma hannuwansa abin kallo ne: manya, baƙaƙe, da tsohuwar kantar riƙon kan moto, suna yawo a kan maɓallai kamar ba su da nauyi.

A wani ƙauye kusa da Mallawa aka haife shi. Ya yi karatun lakwal kaɗan ya bari, ya yi noma, ya buga ƙwallo ba takalmi a filin bayan gari har aka san sunansa a ƙauyukan kewaye. Da ya kawo ƙarfi ya samu moto, wato babur, ya shiga kabu-kabu, yana kai mutane da buhuna kasuwanni har tsallaken iyaka. A wannan yawon ya ga Ƙande a Sassumbrum tana sayar da awara. Ya yi ta sayen awarar da ba ya so har aka ɗaura musu aure, suka zauna a Dungas.

Wata damina ya ɗauko buhunan gero, ruwa ya ci gefen hanya, wata amalanke ta fito masa daga cikin gona. Ya kauce wa shanun, ya faɗa kwazazzabo, buhu ya danne masa baya. Dogo, abokin sana'arsa da ke biye da shi, shi ya ciro shi, shi ya raka shi har asibitin Damagaram. A can aka gaya masa ƙafafun sun tafi. Ranar da za a sallame shi, Ƙande ta fita neman ruwan zafi, likita ya tsaya a kansa ya ce:

"Raunin yana sama, Malam Bunu. Hannunka ya tsira, ka gode wa Allah. Amma duk ranar da ka ji yatsa ya yi nauyi, ko ka ba shi umarni ya makara, kada ka zauna. Ka dawo."

Bunu ya ce to. Bai gaya wa kowa ba.

Mutane suna son su ce haƙuri ya yi. Ba haƙuri ya yi ba. Ya kwanta a ɗaki yana faɗa da kowa, yana juya wa masu dubiya baya, yana ture kwanon tuwo. Ƙande ta ɗauki awararta ta ci gaba da suya a ƙofar gida, ta juya shi, ta wanke shi, in ya yi mata tsawa ta rama. Ba ta taɓa yi masa kuka a gabansa ba, kuma wannan ya taimake shi fiye da rabin magungunan.

Ƙanensa Hudaifa, mai tsaron kanti a Yamai, shi ya aiko da na'urar wasan da samari ke kira fle, wadda wani ya gaji da ita, tare da ekaran da manet biyu. Bunu ya ce wasan yara ne, a kai wa yara. Dogo ya haɗa ta duk da haka, ya zauna a gefen katifar yana buga ƙwallo shi kaɗai, yana bugawa da muni ƙwarai. Bunu ya daure, ya daure, har ya kasa.

"Kai, Dogon banza, ga mutum can a fili ba ka gan shi ba? Ba ni nan!"

Daga ranar nan, ƙwallon da ta bar ƙafarsa ta koma yatsunsa. Abin da ya sani a filin bayan gari bai ɓace ba: lokacin da za a jira, lokacin da za a saki, yadda ake bari mai tsaron baya ya miƙo ƙafa sannan a wuce shi. Wasansa duk na lokaci ne, kamar ƙiftawar ido. Aka ɗora pano, faifan hasken rana, a kan rufi don wuta, aka fito da katifar zaure, samari suka fara zuwa suna biya suna bugawa. Abincin gidan ya koma biyu, awara da fle. Ba wanda ke cin Bunu. 'Yan Magariya sun zo, an kawo wani daga tsallake da ake ta zuzutawa, duk sun koma suna zargin manet.

Dogo kuwa kullum bayan azahar sai ya jingine motonsa ya shigo ya sha kashi. Wasansa ba dabara: ya danna duk maɓallin da yatsa ya samu, ya harba ƙwallo gaba, ya yi ihu.

"Kaftin, yau ranarka ta ƙare."

"Haka ka ce jiya."

"Jiya ban ci abinci ba."

Ana nan sai Hudaifa ya zo Babbar Salla da wata tsohuwar ordinater, wato kwamfuta, da wani ɗan akwati baƙi da bai kai tafin hannu ba.

"Yaya, in na ce musu a Yamai ina da wan da ba a cin sa, dariya suke yi mini. Wannan akwatin zai ɗauki wasanka kamar fim. Ka turo mini, in toshe musu baki."

Hudaifa bai iya fle ba, bai ma damu da ƙwallo ba, da wansa ya damu. Ya wuni yana gumi a kan igiyoyi. Da can igiya ɗaya ce tak, daga fle zuwa ekaran. Yanzu ya zare ta ya sa a ɗan akwatin, daga akwatin zuwa ordinater, daga ordinater kuma wata igiyar ta kai hoton ekaran. Da hoto ya fito ya yi hamdala, ya nuna wa Bunu inda zai danna in yana son ɗauka, sannan ya ɗaga yatsa.

"Don Allah kada kowa ya taɓa igiyoyin nan. Ni kaina ban san yadda aka yi suka yi ba."

Ƙande ta yagi tsohon zane ta ɗaure igiyoyin wuri ɗaya, ta tura su bayan teburi, ta ce duk wanda ya taɓa ita da shi. Washegari Hudaifa ya koma.

Ekaran ɗin shi ne na da, fili shi ne, 'yan wasa su ne. Bayan azahar Dogo ya shigo, Bunu ya danna ɗauka, suka fara. Ɗan wasansa ya nufi mai tsaron baya, Bunu ya jira kamar kullum, ya danna, sai ya ga an riga an ƙwace ƙwallon. Ya ce tsautsayi ne. Ya sake, aka sake ƙwacewa. Ya zo gaban raga ya danna bugu, ɗan wasan ya ƙara taku ɗaya kafin ya buga, ƙwallo ta tafi hannun mai tsaron gida. Dogo ya harba wata doguwa daga tsakiyar fili, ta yi karo da wani ta shiga.

Dogo ya fita tasha da gudu ba takalmi.

"Jama'a! Na ci Kaftin! Kuma an ɗauka a fim, ba mai ƙaryata ni!"

Shi Dogo bai ji wani bambanci ba. Mutumin da bai taɓa danna maɓalli a kan lokaci ba, ina zai san lokaci ya goce? Samarin ma da suka ji wasan ya yi musu nauyi sai suka ɗauka hannunsu ne, don sun saba a ce hannunsu ne.

Bunu ya yi dariya tare da kowa. Da zauren ya watse ya ɗora hannuwansa a cinya ya daɗe yana kallonsu. Ya ba yatsa umarni ya makara. Kalmar likita ke nan, ba ƙari ba ragi.

Kashegari Dogo ya sake cin sa. Bayan nan wani saurayi da bai daɗe da koyo ba ya yi kunnen doki da shi. Bunu ya daina ɗauka, ya daina amsa saƙon Hudaifa da ke tambayar ina fim. Daga baya ya daina bugawa gaba ɗaya. Ya ce kansa ke ciwo, ya ce hasken ekaran na damun idonsa. Yana zaune yana karɓar samari, yana kallon wasansu ba ya gyara wa kowa, shi da ba ya iya ganin kuskure ya yi shiru.

Abin da ke cin sa ba kunyar Dogo ba ce. Da hannun nan yake jan jikinsa daga katifa zuwa keken guragu, da shi yake alwala, da shi yake kai loma baki. In ya tafi, Ƙande ce za ta riƙa ba shi abinci a baki kamar jariri, ita ce za ta kore masa ƙuda. Ya riga ya ɗora mata ƙafafu. Bai san da wane baki zai ce mata ga hannuwa ma ba.

Sai ya shiga gwada kansa a ɓoye. Ya ɓalle maɓallin riga ya mayar, ya sake ɓallewa. Ya ja carbi da sauri ya ga ko zai tsallake ƙwaya. Ya tsinci ƙwayar gero daga tabarma. Duk yana yi daidai, amma hakan bai kwantar masa da hankali ba. Ya ce a ransa ciwon daga abu mai sauri yake farawa, sannan ya gangaro.

Ƙande tana gani. Mace da ta shekara tana juya mutum a kan katifa ba a ɓoye mata motsin yatsa. Ta bar shi kwana da kwanaki ko zai yi magana, bai yi ba. Wata safiya ta sauke kaskon awara da wuri, ta shigo zaure ta tarar da samari sun fara taruwa.

"Yau ba wasa. Ku tafi ku taya iyayenku wani abu."

Ta ja ƙofar kwanon, ta zauna a kan bencin da ba ta taɓa zama ba.

"Maigida, me ya samu hannunka?"

"Wa ya ce miki wani abu ya same shi?"

"Rigarka. Maɓallinta ya kusa tsinkewa don ɓallewa."

Ta jira. Ta iya jira, awara ta koya mata. A ƙarshe ya gaya mata abin da likita ya faɗa ranar da ta fita neman ruwan zafi, da yadda yake danna abu yanzu sai ya makara. Yana magana yana kallon bango.

Ba ta yi salati ba, ba ta dafe ƙirji ba. Ta ce:

"Shekara nawa kana riƙe da wannan kai kaɗai? Ni ce na yi kama da wadda ba za ta iya ji ba?"

"Kayan da ke kanki sun isa."

"Ni ke ɗauke da su, ni zan ce sun isa. Gobe Dogo zai samo mota mu tafi Damagaram. Amma kafin nan kunna abin nan. In likita ya tambaye ni me na gani, ba zan ce masa rigarka na gani ba."

Ya kunna ba da son ransa ba. Ƙande ba ta san ƙwallo ba, ba ta san wane ne nasa wane ne na abokin gaba ba, don haka ba ta kalli ekaran ba. Ta matso ta zuba wa babban yatsansa ido. Zauren shiru, ba ihun samari, ba Dogo, har ana jin ƙarar maɓalli, ƙas, ƙas. Ya buga kaɗan, aka ƙwace masa, ya ajiye manet.

"Kin gani."

"Ban ga komai ba. Ɗauki manet ɗin. Wane maɓalli ke sa shi ya buga?"

Ya nuna mata.

"To tsayar da shi wuri ɗaya, ka danna wannan kaɗai."

Ya danna. Ta kasa kunne, idonta yanzu a kan ekaran.

"Sake."

Ya sake.

"Maigida, ka san in mace na daka a can nesa, bayan gonaki, kana ganin taɓarya ta sauka, sai daga baya ƙarar ta iso?"

"Me ya kawo daka nan?"

"Haka abin nan ke yi. Ina jin ƙas ɗinka, sai na yi kamar zan ja numfashi, sannan mutumin ya ɗaga ƙafa. Yatsanka ya gama aikinsa, shi ne bai tashi ba. Da haka yake?"

Bunu ya tuna baya. Da ba haka yake ba. Da ƙas da bugu abu ɗaya ne.

"Karɓi," ya ce. "Danna ke ma."

Ta goge man awara a zaninta, ta riƙe manet kamar mai riƙe da ɗan tsako, ta danna. Ɗan wasan ya yi jim, sannan ya buga. Ta sake. Ya sake yin jim.

"To ni ma nawa hannun ya mutu ke nan," in ji ta. "Mu je a kwantar da mu gado ɗaya."

Bai yi dariya ba. Idonsa ya tafi bayan teburi, inda ƙullin tsohon zane yake.

"Ƙande, yaushe Dogo ya fara ci na?"

"Ranar da ƙaninka ya tafi."

"Kwance igiyoyin nan."

"An ce kada a taɓa."

"Ke kika ɗaure. Kwance."

Ta durƙusa ta kwance ƙullin da haƙori. Ya nuna mata igiyar da ta fito daga fle, ta zare ta daga ɗan akwatin, ta cire wadda ke bayan ekaran, ta sa wannan a gurbinta kamar yadda take tun farko. Allon ya yi baƙi, sannan fili ya dawo.

Ya riƙe manet bai danna ba. Ƙande ta sa tafinta a kan wuyan hannunsa ta danne shi kaɗan, kamar yadda take yi wa ƙullun awara, sannan ta ɗauke.

Ƙas. Ɗan wasan ya buga tare da ƙarar.

Ya ja ƙwallo ya nufi mai tsaron baya, ya jira, ya bari ya miƙo ƙafa, ya wuce shi. Ya wuce na biyu. Bai ma buga raga ba, ya juyo ya sake neman wani ya wuce. Ya yi ta yi kamar mai taka ƙasa bayan doguwar jinya. Can ya ajiye manet ya rufe fuska da hannuwan duka biyu, kafaɗunsa na motsi. Ƙande ta tashi ta ba shi baya, ta shiga naɗe igiyoyin da ba sa bukatar naɗi, har ya gama.

Abin da ya faru ba wani abin mamaki ba ne. Hoton ne ke yin doguwar tafiya: ya shiga akwati, ya shiga tsohuwar ordinater ta tauna shi, sannan ya iso ekaran a makare. Bunu yana ganin abin da ya riga ya wuce, yana amsa masa. Da aka gaya wa Hudaifa ta salula ya yi ta ba da haƙuri har Bunu ya ce ya isa, ya tambayo masu sani yadda ake yi. Amsar ta zo: a nemi ɗan akwatin raba hoto, mai bakin shiga ɗaya da na fita biyu, irin wanda masu gidan kallon ƙwallo ke ba tele biyu hoto da shi. Igiya ɗaya ta tafi ekaran kai tsaye, ɗayar ta bi ta akwatin ɗauka zuwa ordinater, ta makara yadda take so.

Dogo aka aika Magariya ya sayo, yana tafe yana mita.

"Wato ni zan ɗauko wuƙar da za a yanka ni da ita. Ni dai na san na ci. Fim na nan."

"Na goge."

"Allah ya isa, Kaftin! Ƙande, kina ji?"

"Ina ji," ta amsa daga ƙofar gida. "Ka ci mutum an ɗaure masa ido, kana ta yawo da baki a tasha."

Aka haɗa, aka juya fuskar ordinater bango don hotonta mai makara kada ya ɗauke wa kowa ido. Damagaram kuwa sai da suka je, don Ƙande ta ce ba ta fasa ba. Likita ya matsa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya sa shi ya damƙe, ya saki, ya ce lafiya lau suke, su koma gida.

Ranar da aka yi ɗaukar farko ta gaskiya zauren ya cika har waje. Dogo ya sha kashin da bai taɓa sha ba, ya ce manet ɗinsa ce ta lalace, aka musanya, ya ƙara sha. Bayan an watse Bunu ya kira Ƙande ya juyo mata da ordinater ta ga fim ɗin da za a tura Yamai. Ta tsaya da tsintsiya a hannu ta kalla kaɗan.

"Ina kake a ciki?"

"Ga ni nan, masu jar riga."

"Waɗannan 'yan tsana ne. Duk wahalar nan, akwati kan akwati, ba wanda ya ɗauki mai yin aikin?"

Ta jingine tsintsiyar, ta kwance salularta daga bakin zane, ta ce ya sake bugawa. Ta durƙusa gefen katifar ta saita ta a kan hannuwansa kaɗai, ba fuska, ba ekaran. Hoton ya ɗan karkace, ana jin akuyar maƙwabta a ciki. Ya tambaye ta ko a tura wa Hudaifa wannan ma.

"A'a," ta ce. "Shi ya samu nasa."

Ta mayar da salular bakin zane ta ƙulle, ta ɗauki tsintsiyarta ta ce ya ɗaga zanen ƙafarsa za ta share ƙarƙashi.